Muhawara: Yaya za a hana iska kayar da ƙaramar tirelar kwana ƙirar gida?

Baban_Ikram:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙarfe da waɗanda suka san hanya. A bara na sa wani mai walda ya haɗa mini ƙaramar tirela mai ɗaki, wadda nake ja da Sienna idan za ni gona wajen Bokkos ta Jihar Filato lokacin dankali, ko idan mun fita da iyali za mu kwana a waje. Shasin na faif ne mai kusurwa huɗu, jikin kuma filawud ne da na saya a kasuwar Katako, aka lulluɓe shi da fallen alminiyum. Tsawon ɗakin mita 3 ne, faɗinsa mita 1.5, tsayinsa daga daɓe zuwa rufi mita 1.8, domin na so mutum ya iya miƙewa tsaye a ciki, ya yi salla idan ana ruwa. Aksul ɗaya gare ta, ba ta da birkin kanta, kuma nauyinta har da kaya bai wuce kilo 400 ba.

Damuwata ita ce iska. A filin nan na Heipang, inda babu tsauni babu itatuwa, iska takan buge ta daga gefe har in ji bayan motar yana karkata, idan kuma babbar mota ta wuce ni sai tirelar ta kama lilo. Da daddare, idan hadari ya taso, tana girgiza har yara su kasa barci. Ga damina tana gabatowa. Shin in ƙara mata nauyi ne, ko in rage tsayinta, ko akwai wata dabarar da ban sani ba?

MaiWalda_Dilimi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A ganina maganin a fili yake. Abin da ba shi da nauyi dole iska ta yi wasa da shi, kuma kilo 400 ya yi kaɗan ga ɗaki mai wannan girma. Da za ka kawo mini ita, zan yi waldar ƙarfen canel biyu masu kauri a ƙarƙashin shasin, daga gaba zuwa baya, in ƙara farantin ƙarfe a daidai aksul. Nauyin zai zauna a can ƙasa, shasin kuma zai ƙara ƙwari. Yanke rufin da aka riga aka gama asara ce, kuma duk inda aka yanka aka sake haɗawa, nan ne ruwa yake fara shiga.

Malamin_Fiziks:
Ina girmama ra'ayin maigida MaiWalda_Dilimi, kuma gaskiya ne cewa nauyin da ke ƙasa yana taimakawa, amma ina so mu ɗora maganar a kan lissafi domin Baban Ikram ya san abin da kowace hanya za ta saya masa.

Turin da iska ke yi wa bango ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. Idan gudun ya ninka sau biyu, turin yakan ninka sau huɗu. Iska mai gudun kilomita 50 a awa tana tura kowane murabba'in mita na bango da kimanin kilo 12, mai gudun kilomita 100 kuwa tana tura shi da kimanin kilo 48. Gefen tirelar nan mita 3 sau mita 1.8 ne, wato murabba'in mita 5.4. Idan na ɗauka daɓen yana sama da ƙasa da rabin mita, to tsakiyar bangon, inda turin yake taruwa, tana mita 1.4 daga ƙasa. Abin da ke hana ta kifewa shi ne nauyinta, wanda ke aiki daga tsakiyarta zuwa tayar da ke ɗaya gefen, kuma idan tazarar tayoyin mita 1.5 ce, rabinta 0.75 ke nan. Kilo 400 sau 0.75 ya ba mu 300. A raba da 1.4, a samu kusan kilo 214, wanda shi ne turin da zai ɗaga tayar gefen iska. A raba shi a kan faɗin bangon, ya zama kimanin kilo 40 ga kowane murabba'in mita, wato iska mai gudun kusan kilomita 90 a awa.

Yanzu a gwada hanyoyin biyu. Idan an ƙara kilo 100 a tsakiya, iyakar za ta tashi zuwa kusan 100. Idan kuwa aka rage tsayin ɗakin zuwa mita 1.2, wato faɗin fallen filawud ɗaya, iyakar za ta kai kusan 125 ba tare da an ƙara ko kilo ɗaya ba, saboda bangon ya ragu kuma wurin da iska ke turawa ya sauko. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙananan tirelolin kwana da suka yaɗu a Amurka tun shekarun 1930 gajeru ne, ana shiga a kwanta ko a zauna, ba a miƙewa. Lissafin nan kuma na tirelar da ke tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri ne. A kan hanya, inda akwai ramuka da karkatar kwalta da kwana, abin da zai kayar da ita bai kai haka ba.

Ɗalibi_Naraguta:
Malam, ina da tambaya. An koya mana cewa iska tana raguwa da kauri idan aka hau sama, kuma Jos tana kimanin mita 1,200 sama da teku. Wannan bai rage haɗarin ba?

Malamin_Fiziks:
Ya rage, amma kaɗan. A tsayin Jos kaurin iska ya gaza na bakin teku da kusan kashi 11 cikin 100. Sai dai bango shimfiɗaɗɗe mai kaifin kusurwa yana kama iska fiye da adadin da na yi amfani da shi, don haka ɗaya ya cinye ɗaya. Kada kowa ya dogara da wannan rangwame.

Tsohon_Direba:
Na karanta lissafin malam kuma na gamsu da shi, amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lilon da Baban Ikram ya ambata, domin a hanya ba kasafai iska ita kaɗai take kifar da abin da ake ja ba. Iska takan fara turin ne kawai, gudu ya ƙarasa aikin. Kowace tirela tana da gudun da idan ta kai shi, lilon da ya fara ba ya mutuwa da kansa, sai dai ya riƙa ƙaruwa har ya juya motar da ke janta. Dokar hanya ta ƙayyade wa tanka da tirela kilomita 50 a babbar hanya, 60 a ekspires, kuma ko da taka ƙarama ce, ɗana, ban ga dalilin da zai sa ka wuce 60 da abin da aka ƙera a gida ba.

Idan lilo ya fara, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka yi ƙoƙarin gyara shi da sitiyari, kada kuma ka saurari masu cewa a ƙara wuta domin tirelar ta miƙe. Ka riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, motar ta rage gudu da kanta. Idan ka hango babbar mota a madubi tana shirin wuce ka, ka rage gudu tun kafin ta iso, ka matsa dama gwargwadon yadda hanya ta ba da hali, saboda iskar da ke gabanta za ta fara tura ka waje, sannan ta zuƙo ka ciki idan ta gifta.

Game da ƙara nauyi kuwa, ina roƙon MaiWalda ya tuna da Hawan Kibo. Duk kilon da aka ƙara wa tirelar da ba ta da birki, birkin Sienna ne zai ɗauke shi a gangara, kuma a gangara ne lilo ya fi saurin tashi domin tirelar tana tura motar daga baya. Wanda zai sauka can da irin wannan kaya, ya sa ƙaramar giya tun daga sama.

Injiniya_Rayfield:
Baba Tsohon Direba ya taɓo wurin da ya kamata. Kafin a yanke komai ko a yi waldar komai, ina so in san yadda aka raba kayan a ciki, domin mafi yawan lilo daga nan yake fitowa. Ƙa'idar da aka saba bi a Amurka ita ce, nauyin da wuyan tirela ke ɗora wa ƙugiyar mota ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta gaba ɗaya. A Turai sukan yi ƙasa da haka, amma su tirelolinsu ƙirar masana'anta ne da aka gwada. Ga mai kilo 400, ana neman kilo 40 zuwa 60 a kan ƙugiya. Auna shi ba wuya: a tsayar da ita a wuri madaidaici, a tokare tayoyin, a sa sikelin awon mutum a ƙasa, a ɗora guntun katako a tsaye a kansa yadda bakin wuyan zai zauna a daidai tsayin ƙugiyar motar, sannan a karanta. A yi awon bayan an loda kaya yadda ake tafiya da su. Baban Ikram, me ke bayan aksul, me ke kan rufi?

Baban_Ikram:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. A bangon baya daga waje akwai safayar taya, a ciki kuma can ƙarshe nake ajiye ƙaramin janareto da jarkokin ruwa biyu masu lita 25, saboda ƙofar kicin a baya take. A kan rufi akwai farantin sola ɗaya da kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, inda nake ɗaure katifa da tamfol. Aksul ɗin yana tsakiyar ɗakin daidai. Na gwada awon da ka kwatanta, sikelin ya nuna kilo 15.

Ɗan_Bukuru:
To ai magana ta ƙare. Tunda baya ya yi nauyi, sai a ɗaure buhun yashi ko babban batir a can gaba kan wuya, ya daidaita. Babu buƙatar a taɓa komai.

Injiniya_Rayfield:
Ɗan'uwa Ɗan_Bukuru, sikelin zai nuna adadin da ake so idan aka yi haka, amma lilon ba lallai ya tafi ba. Nauyi a can gaba da wani nauyin a can baya yana sa tirelar, idan ta fara juyawa, ta yi wuyar tsayawa, kamar dai mai tallan ruwa da ya rataya garwa biyu a bakin doguwar sanda: a daidaice suke, amma idan ya waiga da sauri sai sun ja shi. Abin da ake so shi ne kaya masu nauyi su taru kusa da aksul, kaɗan a gabansa, kuma a kan daɓe.

Kilo 15 bai kai kashi 4 cikin 100 ba, wannan kuwa ya isa ya haifar da duk abin da aka kwatanta. Jarkoki biyun nan kaɗai kilo 50 ne. A dawo da su da janareton gaban aksul, a ɗaure su da bel yadda ba za su zame ba, a sauke safayar daga bangon baya a rataye ta a ƙarƙashin daɓe. Jarkar da ba ta cika ba ruwanta yana kai da komo, don haka ko a cika ta ko a juye ta. Katifa da tamfol su sauka daga rufi, domin suna ƙara tsayin da malam ya lissafa kuma suna ɗaga nauyi sama. Farantin sola idan akwai rata a ƙarƙashinsa iska tana shiga ta ɗaga shi, sai a toshe bakinsa na gaba da lanƙwasasshen falle. Aksul a tsakiya daidai kuskuren ƙira ne da ake yawan yi. Abin da aka saba shi ne kimanin kashi 60 na tsawon ɗakin ya kasance a gabansa, kashi 40 a bayansa, wato a nan a matsar da shi baya da kusan santimita 30.

MaiWalda_Dilimi:
Matsar da aksul ƙaramin aiki ne, yanke kunnuwan sifirin ne a sake waldarsu a baya, amma dole a auna daga bakin ƙugiya zuwa kowane ƙarshen aksul a tabbatar tsawon ɗaya ne. Idan ya karkace ko da kaɗan ne, tirelar za ta riƙa tafiya a kaikaice tana cin taya. Sannan a duba ko an sa mata shakazoba, domin yawancin ƙirar gida sifirin kawai ake sa musu, kuma sifirin da aka ciro daga motar ɗaukar kaya ya yi wa kilo 400 tauri, shi ya sa take tsalle. Tayar da ke sama ba ta riƙe komai idan iska ta zo. Har yanzu dai ina kan bakata cewa ƙarfe a ƙasa yana da amfani.

Ladi_Vom:
Sannunku da ƙoƙari. Kun daɗe a kan hanya, ni kuwa ina so in koma ga rabin tambayar na biyu, wato dare, domin yaran da suka kasa barci su ne suka fi ba ni tausayi. Mu da maigidana muna da irinta, ko da yake tamu gajera ce, kuma abin da muka lura da shi shi ne yadda aka fuskantar da ita ya fi komai. A nan ƙasar tamu hadarin farkon damina galibi daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Idan muka isa wuri, mukan juya goshin tirelar ya dubi gabas, domin goshin mita 1.5 ne kawai, rabin gefen ke nan, kuma ta tsawonta ba ta kifewa. Mukan bar ta a haɗe da motar idan sararin sama bai kwanta mana ba, motar ta tare mata iska kuma ta riƙe ta.

Abu na biyu shi ne rumfar tamfol da ake kafawa a gefe. Ita ce ta fi kowane abu haɗari, saboda iska tana shiga ƙarƙashinta ta ɗaga, kuma tana ɗaure ne a saman bango, inda jan ya fi tasiri. Ba ma kwanciya sai mun naɗe ta, ko da taurari sun cika sama. Ƙofa kuma ta kasance a gefen da ba ya fuskantar iska, kuma babba ne zai buɗe ta, domin iska tana iya fizge ta daga hannun yaro.

Manomin_Mangu:
Abin da Mama Ladi ta faɗa haka yake. Zan ƙara da maganar turke, tunda ni ma a gona nake kwana. Girgizar da ke hana barci daga sifirin da tayoyi take, don haka a sa jak huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, a ɗaga su har su ɗauki wani ɓangare na nauyin amma tayoyin su ci gaba da taka ƙasa. A sa faffaɗan katako a ƙarƙashin kowane jak, in ba haka ba da ruwa ya sauka zai nutse. A tokare tayoyin gaba da baya.

Turakuna ni da rodi mai kaurin milimita 16 nake yi, tsawon kamar santimita 60, a lanƙwasa kan ya zama zobe. Ba a kafa su a miƙe. A karkatar da kan turken ya yi nesa da tirelar, yadda bel zai ja shi ta gefe maimakon ya zare shi. A ɗaure bel ɗin a jikin shasi ko aksul, ba a jikin filawud ba. Matsalarmu a Filato ita ce ƙasar ba iri ɗaya ba ce. Wani wuri dutse ne a ƙarƙashin ciyawa, rodi ba ya shiga, wani wurin kuma kusa da tsofaffin ramukan kuza yashi ne da tsakuwa, turke yana shiga cikin sauƙi kuma yana fita cikin sauƙi. A wuri mai yashi nakan haƙa rami in binne guntun gungume a kwance da igiya a ɗaure a tsakiyarsa. A wuri mai dutse kuwa buhunan da aka cika da ƙasa ake rataya wa shasin, su zauna a ƙasa igiyar a ɗame, da safe a zazzage su a tafi da buhu fanko.

Malamin_Fiziks:
Shawarar Manomin_Mangu ta fi ƙarfi fiye da yadda take a ido, kuma tana amsa gardamar nauyi da aka fara da ita. Kilo 100 da aka ajiye a tsakiyar tirela yana aiki ne da tazarar mita 0.75, amma turken da zai iya riƙe kilo 100 a gefen da iska ke bugowa yana aiki da cikakkiyar tazarar mita 1.5, wato ninki biyu. A lissafina na farko, wannan zai ɗaga iyakar daga 90 zuwa kusan 110. Ga shi kuma nauyi ne da ba a hawa tudu da shi, ba a sauka gangara da shi. Tunda iskar hadari takan sauya fuska, a ɗaure gefe biyun duka.

Ga wanda ba shi da na'urar auna iska, akwai ma'aunin da Francis Beaufort ya tsara a 1805, wanda daga baya aka daidaita shi da abin da ido ke gani a tudu. Idan manyan rassa suna kaɗawa kuma wayoyin lantarki suna fito, gudun iskar yana tsakanin kilomita 39 da 49 a awa. Idan itace gaba ɗaya yana rangaji kuma tafiya gaba da iska tana wahala, 50 zuwa 61 ne. Idan ƙananan rassa sun fara karyewa, an kai 62 zuwa 74. Matakin da ke tumɓuke itatuwa shi ne 89 zuwa 102, kuma duk wanda ya zauna a Jos ya ga abin da iskar farkon damina take yi wa itatuwa da kwanon rufi.

Maman_Sadiq:
Ina da tambayar da ta dame ni a matsayina na uwa. Idan irin wannan iskar ta zo da tsakar dare, a zauna a cikin tirelar ne ko a fita? Na ji wasu suna cewa nauyin mutanen da ke ciki yana taimakawa wajen danne ta.

Ɗan_Bukuru:
Yana taimakawa ƙwarai, Hajiya. Manya biyu da yara sun kusa kilo 200, rabin nauyin tirelar ke nan. Fita cikin duhu da ruwa da kwanukan da iska ke yawo da su ya fi zama haɗari.

Ladi_Vom:
Ban yarda a mayar da yara abin danne tirela ba. Ba sai iska ta kai ƙarshe ake yanke shawara ba. Hadari yana ba da sanarwa: gabas ta yi baƙi, walƙiya ta fara, iska mai sanyi ta iso kafin ruwa. A lokacin ne za a koma cikin mota, wadda ta fi nauyi sau da yawa kuma ta fi kusa da ƙasa. Akwai kuma tsawa. Mota mai jikin ƙarfe tana kare na cikinta domin wutar tana bi ta jikin ƙarfen, amma ɗakin filawud mai fallayen alminiyum da aka manna ɗaya bayan ɗaya ba abin dogaro ba ne. Kuma kada a nemi mafaka a ƙarƙashin dogayen itatuwan turare da suka cika Jos da kewaye, rassansu suna karyewa. Bayan gini mai ƙwari ko gindin babban dutse ta yamma ya fi.

Mazaunin_Kubwa:
Ina biye da ku daga Abuja. Na zauna a Jamus na wani lokaci, inda jan tirelar kwana abu ne na kowa, kuma akwai abubuwa biyu da ba a ambata ba. Na farko, a can tirelar da ba ta da birkin kanta ba a yarda ta wuce kilo 750 ba, kuma iyakar gudun mota mai jan tirela kilomita 80 ne, sai wanda ya cika wasu sharuɗɗa aka ba shi izinin 100. Wannan a kan hanyoyinsu ne masu santsi, don haka 60 ɗin da Baba Direba ya faɗa bai yi tsauri ba. Na biyu shi ne ƙwallon ƙugiya. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka da aka fi samu inci 2 ne, wato milimita 50.8, akwai kuma ƙarami mai inci 1 da 7/8. Tunda motocinmu da kayan gyaranmu daga ɓangarorin biyu suke shigowa, ana iya haɗa baki da ƙwallon da ba nasa ba, ya riƙa wasa ko ya fice. A duba lambar da aka buga a jikinsu. Kamfanin AL-KO yana yin bakin ƙugiya mai faifan gogayya a ciki wanda ke danne lilo, amma sharaɗinsa kada a shafa wa ƙwallon giris ko kaɗan. Na'ura ce mai taimako ga tirelar da aka loda daidai, ba ta gyara wadda bayanta ya fi nauyi. Sarƙoƙin tsaro biyu kuma a gicciye su a ƙarƙashin wuya, domin su tallafe shi idan ya kuɓuce.

Tsohon_Direba:
A haɗa da taya. Tayar da iskarta ta yi ƙasa gefenta yana lanƙwasa, tirelar ta riƙa tangaɗi a kanta. A auna da safe kafin a tashi, har da tayoyin bayan motar, kuma biyun na tirelar su zama girma ɗaya. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma tirela takan daɗe a ajiye a rana, tayarta ta tsattsage alhali zanen bai cinye ba. Sannan ba a ɗaukar mutum a cikinta ana tafiya, ko na minti ɗaya ne. A watannin Afrilu da Mayu a yi sammako, domin hadari ya fi tasowa da la'asar zuwa dare, a kuma saurari hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, kafin a fita. Hanyar Heipang zuwa Barikin Ladi kudu ta miƙa, saboda haka iskar gabas a gefe take samun mutum. Idan ta taso, a sauka daga kwalta a wuri mai faɗi, a juya mata goshi, a jira.

Baban_Ikram:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na dawo da ruwa da janareto gaban aksul, na sauke kariyar, sikelin yanzu yana nuna kilo 45. Zan sa a yi mini turakuna da jak. Abin da har yanzu ban iya yanke hukunci a kansa ba shi ne tsayin. Lissafin malam ya nuna shi ne babban abu, amma tsayin nan shi ne dalilin da ya sa na ƙera ta tun farko.

MaiWalda_Dilimi:
Akwai hanyar tsakiya, Alhaji. A yanke bangon a mita 1.2, a mayar da rufin mai ɗagawa da sandunan gas irin na but ɗin mota, a rufe tsakanin da tamfol mai kauri. A hanya da lokacin hadari a sauke shi a kulle da maƙalai huɗu, idan gari ya yi lafiya a ɗaga. Sai dai ban ɓoye maka ba, bakin da rufin ke zama sai an yi masa leɓe mai saukowa da roba mai kyau, in ba haka ba ruwan Agusta zai shiga.

Malamin_Fiziks:
Wannan ita ce shawarar da na fi so a duk abin da aka kawo, domin tana rage bangon a daidai lokutan biyu da ake buƙata.

Injiniya_Rayfield:
Ni ban goyi bayan a yi gaggawar yankewa ba. Bangon filawud da rufinsa a haɗe suke ba wa ɗakin ƙwari, idan aka raba su sai an yi sabon firam na ƙarfe a saman bango, wanda nauyi ne a wurin da ba a so. Da ni ne, zan matsar da aksul, in sa wanda ya fi faɗi yadda tayoyin za su fito waje da jiki, in mayar da sifirin ƙarƙashin aksul idan a sama yake domin daɓen ya sauko, sannan in gwada ta a hanya marar cunkoso ina ƙara gudu kaɗan kaɗan. Tazarar taya mita 1.8 za ta kai lissafin malam kusan 100 ba tare da an taɓa rufin ba.

Manomin_Mangu:
Injiniya, saukar da daɓe yana da iyaka ga mai shiga gona. Hanyoyin ƙauyukan Bokkos da damina kwari ne da duwatsu, tirelar da ta yi ƙasa sosai cikinta zai riƙa dukan ƙasa, safayar da ka ce a rataya a ƙarƙashi ma ita za ta fara bugawa. Baban Ikram, kafin a saya aksul mai faɗi ka auna faɗin Sienna ɗin, kada tayoyin tirelar su fita waje da sawun motar, domin a ƙaramar gada ko kan kunyar hanya inda motar ta wuce lafiya ita tana iya faɗawa.

MaiWalda_Dilimi:
Faɗin jikin Sienna ya haura mita 1.8, amma a auna daga wajen taya zuwa wajen taya, har da madigad. Alhaji, idan za ka kawo ta, ka zo da ita a lode yadda kake tafiya, ka kuma taho da sikelin, domin wurin da za a yi waldar kunnuwan sifirin sai an gwada shi da kayan a ciki.